Hannun Allura

Ku 'yan matan da kuke taruwa a tsakar gidanmu kuna cewa ɗinkin hula zaman hira ne da allura a hannu, ku matso kusa. Musamman ke Safiya, da kika ce in kin ga dama sati ɗaya ya ishe ki ki koya. Shekarata goma sha bakwai, goma daga ciki a bakin allura na yi su. Wato a wannan sana'a ni tsohuwa ce, saura kaɗan in nemi sanda. Hujin da allura ta yi wa yatsuna kuwa, in aka ƙirga, rariyar tatar koko ta fi ni rufin asiri.

Ɗinkina na farko a ɗakin Goggo Talatu na yi shi, a Beli. Yayar Baba ce, kuma duk yankin nan babu wanda bai san hularta ba. Ina shekara bakwai aka ɗauke ni daga nan Rogo Ruma aka kai mata, wai in riƙa yi mata aike. Gaskiyar magana Inna ce ta gaji da ni, don a wata ɗaya na fasa randa biyu, na kuma aske wa bunsurun maƙwabta gemu. Goggo ta ba ni guntun farin yadi da aka ja wa layi da biro, da allura, da jan zare. Na kama da dama, yadda aka koya min kama komai. Kwana uku ina fama, abin ya fito kamar kaza ta taka manja ta bi ta kan yadin. A rana ta huɗu Goggo ta fita duba tukunya, kaina ya yi ƙaiƙayi, na mayar da allurar hagu na sosa, na manta ban dawo da ita ba. Da Goggo ta shigo sai ta tsaya a kaina tana kallon yadin.

"Ke Hajara, wa ya yi wannan layin?"

"Aljani ne, Goggo."

"To ki ce wa aljanin ya ci gaba. Ke ki huta, ba ki iya ba."

Ta juya ta saki labulen ƙofa.

Bahaguwa aka haife ni. Yau na faɗa da bakina, a da kuwa a gidanmu ba a furta kalmar. Inna ta fara yaƙi da hannun nan tun ina rarrafe. In na kai shi kwano, ludayi. In na miƙa shi karɓar abu, ludayi. Har ludayin ya gaji ya tsage aka sayo wani. Ban ga laifinta ba, wace uwa ce za ta so 'yarta ta miƙa wa baƙo ruwa da hagu? Kuma ta yi nasara. Da dama nake ci, da ita nake rubutu a allo da a littafi, da ita nake shara. Goggo ma ba ta taɓa rushe wannan ba. Dokarta ita ce, "Ci da dama, karɓa da dama, bayar da dama. Allura kuwa a bar ta ta zaɓi gidanta." Da na dawo gida ina shekara goma sha biyu, sai na riƙa ɗinki a ɗaki, fuskata ga bango. In na ji takun mutum, kafin ya ɗaga labule allura ta koma dama. Ɓarawon kasuwa bai fi ni saurin hannu ba.

Kayan aikin duka gwangwanin alewa ɗaya ya ɗauke su, shi ya sa kuke raina su. Siririyar allura mai ƙaramin ido, ɗan almakashi, zare launi-launi, sai yadin da mai zane ya riga ya zana. Amma zaren nan ɗan rigima ne. In kika yanko shi da tsawo ya ƙulle, in kika ja da ƙarfi yadi ya tattare, in kika sassauta ya tashi kamar tsutsa a kan ganye. Jikin hula daban ake ɗinka shi, saman daban, sannan a haɗa, sannan a kai wa masu wanki su sa sitati su ɗora ta a kan itace ta bushe ta tsaya. Hula mai cikakken aiki takan ci min wata guda da ɗoriya, a sunkuye, har wuyana ya koma irin na ungulu. Kuma ba a ɗinki ana cin ƙuli-ƙuli. A kan wata farar hula na koyi wannan, saura kaɗan in gama ta. Yatsa ɗaya mai maiƙo na ɗora. Goggo ta sa na warware aikin kwana tara, tana zaune a gabana tana cinye sauran ƙulin.

Malam Audu dillali ne ke karɓar hulunana ya kai kasuwar Karaye. Shi ba ya duba fuskar hula. Juya ta yake ya duba ciki, don a ciki malalaci ke ɓoye ƙulli. Sannan ya sansana, wai ko an ɗinka ta kusa da murhu. Shi ya fara lura cewa ɗinkina yana kwanciya ta wata fuska daban da na kowa. Bai san dalili ba, bai kuma tambaya ba, sai ya riƙa gaya wa masu saye wai salon ƙasar waje ne. Wani ango daga Rogo ya taɓa aiko min da zare a matsayin awon kansa. Wallahi zaren ya isa ya zagaye randa. Na ce a koma a tambaya ko da rawani aka auna. Aka dawo aka ce a'a, haka Allah Ya yi shi. Na ɗinka, ta zauna daram, har yau in ya gan ni sai ya gaishe ni. Baba kuwa, tun da na dawo gida bai sake sa hular kowa ba sai tawa. In aka yaba a masallaci sai ya gyara mata zama ya ce, "Aikin gida ne."

Shekarar da abin ya lalace, bayan an gama cirar gyaɗa ne, ina kan wata hula mai shuɗi da ruwan toka da nake yi wa Baba. Na ci kashi biyu cikin uku. Allura ta suɓuce ta faɗi. Na ɗauka, ta sake faɗi. Ni da ko a bayan babur zan iya zura zare. Bayan 'yan kwanaki babban yatsana da manuni suka fara rawa su kaɗai, ba kiɗa ba biki. Na riƙa nuna wa ƙannena muna dariya, har ranar da rawar ta haura hannu ta kama gefen bakina, na farfaɗo a ƙasa Inna tana salati a kaina.

Aka ce iska ce. Na sha rubutu har da an matse ni da an samu tawadar allo goma. Malamin unguwarmu da kansa, Allah Ya saka masa da alheri, ya ce wa Baba, "Addu'a ba za mu fasa ba, amma ka kai yarinyar nan asibiti." Daga asibitin Karaye aka ba mu takarda zuwa Kano, a Kano aka ce sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa.

Mai ɗaukar hoton wani siririn dattijo ne, kowa Baba Isiyaku yake ce masa. Ya ce tun zamanin da ake shanya hoton ƙashi kamar wanki yake wannan aikin. Abin da ya fara tambayata shi ne ko akwai ƙarfe a jikina.

"Babu, Baba."

"'Yan kunnen nan fa, na kara ne?"

Na cire. Bai yarda da ni ba, ya kira wata nas ta laluba ni. Allura huɗu a bakin hijabi, ɗaya a gefen zane, ɗaya a cikin kitso wadda ni kaina na fi wata ina nema. Ya jera su a tafin hannunsa yana kallona.

"Jikata, tela ce ke ko bushiya?"

"Hula nake ɗinkawa."

"To na'urar nan maganaɗisu ce daga sama har ƙasa. Da kin shiga da waɗannan da sun tashi kamar rina, ni da ke duka sai mun nemi mai ɗinke mu."

Na'urar kamar a kwantar da farin rumbu ne a huda shi ta tsakiya. Za a shimfiɗe ki a wani siririn gado, a kife miki wani abu kamar akurkin kaji a ka, a rufe kunnuwa, sannan a zura ki ciki kamar burodin da za a gasa. Sai dai maimakon zafi, sanyi ne irin na firjin mai ƙanƙara. Ga ƙara. Ku haɗa injin markaɗe uku, da maƙera, da janareton gidan biki, ku sa kanku a tsakiya. Doka kuwa ɗaya ce: kada ki motsa. Ni Hajara, da ko zaman cin tuwo sai na sauya wuri sau uku. A nan ne hancina ya tuna yana da ƙaiƙayi, tari ya zo gaisuwa, yawu ya ce shi ma a haɗiye shi.

Hoton farko ya nuna ƙari a cikin kaina, kamar goro ɗaya, ta ɓangaren dama. Na ce wa Baba Isiyaku sun yi kuskure, ai damata lafiya lau take, hagu ce ke rawa. Ya ce haka aka halicci mutum, ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa shi ke juya hagun jiki, na hagu ya juya dama. Ashe rigimar nan tun daga cikin kai aka faro ta, ludayin Inna a tsakiya ya tarar da ita.

Likitar da za ta yi aikin mace ce mai magana a hankali. Ta ce ƙarin yana zaune dab da inda ake ba hannu umarni. Don haka kafin ta sa wuƙa tana son wani hoton daban, wanda zai nuna mata takamaimai mazaunin kowane hannu, ta san inda za ta taka da inda za ta kauce. Ta ɗauko takarda da biro. Baba yana zaune a gefena.

"Da wane hannu take aiki?"

"Dama mana, likita," in ji Baba, tun ba ta rufe baki ba. "Ai daga gidan tarbiyya ta fito."

Likita ta yi murmushi ta juyo gare ni. "Hajara, da wanne kike cin abinci?"

"Dama."

"Rubutu fa?"

"Dama."

"In za ki yi shara, ko ki ɗauki kofi?"

"Dama."

Ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Ba ta tambayi allura ba, ni kuma ban kawo ta ba. Ku da kuka san bakina, kun san a kan ƙosai ɗaya zan iya yin shari'a har la'asar. Amma a gaban Baba, a gaban baƙuwa mai farar riga, bayan ya riga ya ce gidan tarbiyya, ta ina zan fara? Ta rubuta abin da ta ji.

Hoto na biyu aiki ake yi a cikinsa. Baba Isiyaku ya koya min tun a waje: babban yatsa ya taɓa sauran ɗaya bayan ɗaya, ya dawo, kamar mai tasbihi. A ciki sai in ji muryarsa a kunnena. "Dama." In yi ta yi. "Tsaya." In tsaya. "Hagu." "Tsaya." Haka har na fara zargin ko wasa yake da hankalina. Da aka fito da ni na ce sai ya nuna min abin da wahalata ta haifar. Ya ce mu je mu yi azahar, kafin mu dawo ya haɗa. Muka dawo, ya ja min kujera gaban kwamfuta.

Ga kaina nan an yanka kamar kabewa, toka-toka, da ɗigon ja da rawaya a wasu wurare. Ya ce duk inda ƙwaƙwalwa ke aiki jini yakan ruga can, na'ura ta ga jinin, kwamfuta ta shafa wa wurin launi. "Ko ba ki san gari ba, inda kika ga babura sun taru, nan kasuwa ke ci." Na hannun dama wuri ɗaya ne, a dunƙule, tsaf. Na hagu kuwa a warwatse. Kaɗan a gaban ƙarin, kaɗan a bayansa, har wasu sun tsallaka ɗaya ɓangaren kan sun raɓe.

"Su kuma waɗannan me suke yi a gidan mutane?"

"Gudun hijira. Ƙarin nan ba jiya ya zo ba, a hankali ya riƙa girma yana ture su. Kin san in ruwa ya cinye hanya da damina 'yan acaba ba sa komawa gida, ta gonakin mutane suke fasa wata. To haka ƙwaƙwalwarki ta daɗe tana yi ba ki sani ba. Yanzu ne gonakin suka ƙare."

Sai ya sa bakin biro a kan wani jan ɗigo da ke manne da gefen ƙarin. "Wannan ne ya ƙi tashi. Na yatsu ne, masu ƙaramin aiki."

A kan wannan ɗigon likita ta zaunar da mu. Ta ce hanya biyu ce. In ta cire ƙarin duka, dole ta shiga wurin, kuma mai yiwuwa yatsun hagu su yi rauni ko su daina aiki. In ta bar gefen, yatsu suna iya tsira, amma ta bar saura a ciki, saura kuwa yana iya sake girma. Baba ya yi ajiyar zuciya har takardun tebur suka motsa.

"Alhamdu lillahi da ba dama ba ce. Hagu ce ai, likita. A cire duka."

Likita ta juyo gare ni. "Hajara, kin ji abin da na ce. Kina da magana?"

Na ɗaga kai. Idona bai sauka ko'ina ba sai a kan hular Baba, koriyar nan da na yi masa da ƙaramar Sallah. Duk zaren da ke jikinta daga jan ɗigon nan ya fito. Na ce, "Babu."

Aka yi aiki. Na farka da kai a aske, an ɗinke shi kamar tsohuwar ƙwarya. Da aka ba ni madubi na duba ɗinkin da idon sana'a: tazara ba daidai ba, ƙulli duk a waje. Da Goggo tana kusa sai likita ta warware. Ƙafata ta hagu ta yi jan ƙasa na 'yan makonni ta dawo. Kafaɗa ta dawo, gwiwar hannu ta dawo. Yatsu suka ce su ba su san zancen ba. Suna nan a lanƙwashe kamar alayyafon da ya wuni a rana. Masu gashin ƙashi suka ba ni aikin tsintar gyaɗa daga faranti zuwa kwano. In sun juya baya in ɗauka da dama in cinye, don gyaɗar ma ta gaji da jira.

Bayan wata huɗu muka koma a sake hoto, a ga yadda hanyoyin suka koma. Baba Isiyaku ya tarbe ni da, "Bushiya, yau allura nawa?" Na ce yau ko ɗaya. Aka zura ni. "Dama." Na yi. "Tsaya. Hagu." Na aika saƙo, ba wanda ya amsa. "Hagu, jikata." Shiru. Sai ya ce, "Bar wahalar da kanki. Kada ki motsa komai. Ki ɗauka a ranki kina wani aiki da hannun, wanda ya fi sabawa da shi."

To me zan ɗauka? Na ɗauko hular Baba mai shuɗi da ruwan toka daga inda na tsaya. Na soka, na ja, na kwantar, na soka. Har ƙarar injin na daina ji. Layi guda da rabi na yi kafin ya ce tsaya, kuma na ji haushin katse ni da ya yi.

Da ya gama haɗa hoton ya kira mu, amma bai yi min wasa ba. Ya juyo da kwamfutar. Inda ƙarin yake a da, baƙin rami ne. Amma gabansa, da tsakiyar kai, da ɗaya ɓangaren, duk sun kama, ja da rawaya, kamar Karaye ranar kasuwa.

"Me kika yi a ciki?"

"Ɗinki."

"Da hagu?"

Ya kamo hannun ya juya shi. Kantar allura tana nan a babban yatsa da gefen na tsakiya, ta kusan shekara goma ba ta gogewa a wata huɗu. Ya duba na dama, sumul kamar na jariri. Ya zauna a hankali.

"Allura shida aka cire a jikinki, na riƙe su a hannuna," ya ce. "Shida. Ban tambaye ki da wanne kike kamawa ba."

Baba yana tsaye a bakin ƙofa, yana ji.

Aka kira likita. Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta kalli hannuna. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Ba zan ce miki da na bar gefen ba. Wataƙila shawarar nan ɗin dai zan bayar, don ranki ya fi hannu. Amma da wata maganar muka yi daban, kuma da ke za a yi ta." Na tambaya, tunda ga wuta ta kama ko'ina, me ya hana yatsun motsi? Baba Isiyaku ne ya amsa. Ya ce masu shirya aikin suna nan, sun san ɗinki sarai, amma hanyar da ke kai saƙonsu ga yatsu ta wurin ramin nan ta bi.

"Tasha cike take da fasinja, jikata. Gadar ce babu."

"Ba za su fasa ta gona ba?"

"Wani lokaci ana fasawa. Ban yi miki alkawari ba."

A motar dawowa ne, mun wuce rabin hanya. Muna kujerar baya, buhun wani a kan ƙafata. Sai Baba ya yi magana yana kallon taga.

"Na sani."

"Na'am, Baba?"

"Tun kina Beli Goggonki ta gaya min. Shi ya sa in zan shigo nake gyaran murya tun daga zaure, ki samu ki sauya hannu." Sannan ya ci gaba. "Likitar nan mace ce mai ilimi, ga takarda a gabanta. Na ji nauyin ta rubuta cewa 'yata bahaguwa ce. Na ɗauka tambayar ladabi take yi. Da aka zo maganar yanka kuma na riga na faɗa, na kasa janyewa. Na ce wa kaina ai rai ake nema."

Na laluba ko'ina a kaina in samo abin dariya in ba shi, ni da ko a gidan makoki sai an kore ni waje. Ban samu ba. Kwandasta ya ce Karaye, muka sauka muka nemi babur.

An sake min hoto sau biyu tun daga nan. Ƙarin bai dawo ba, kowa yana cewa alhamdu lillahi, ni ma ina cewa. Amma duk zuwa, in na yi ɗinkin zuci, launin raguwa yake. Na baya-bayan nan 'yan ɗigo ne nan da can, kamar kasuwa ta watse. Baba Isiyaku ya ce na'ura ba ta sanin komai da komai, kada in ɗauki launi a matsayin hukunci. Sai dai na ga bai juyo da kwamfutar da sauri irin na da ba. Kuma ni na sani ba sai da na'ura ba: yanzu in na rufe ido na soka allurar, sai in rasa ta ina take fitowa.

Shi kuwa ya sauya yadda yake aiki. Tsinken tsintsiya yake ajiyewa a aljihu. Duk wanda aka kawo, bayan an gama dama-dama a takarda, sai ya tambayi sana'arsa, ya ajiye tsinken a tebur ya ce, "Ɗauka ka nuna min yadda kake yi." Ya ce har ya kama wani wanzami da wani mai gyaran waya, dukansu sun rantse su na dama ne.

Hular Baba da dama na ƙarasa ta. Na danne yadin a gwiwa da hannun da ya mutu, Inna tana zura min zare. Wata biyar. Kashi biyu aikin aljanin Goggo ne, kashi ɗaya kazar nan ce ta dawo da manjanta. Na nuna wa Malam Audu don in ji ta bakinsa. Ko cikinta bai juya ba. Ya ce, "Allah Ya ƙara sauƙi, Hajara," sannan ya tambaya ko a cikin ƙawayena akwai mai koyo. Da aka kai wa Goggo ta daɗe tana riƙe da ita, ta ce a mayar, idonta ba ya gani sosai yanzu. Ƙarya take, har yau ba tabarau take zura zare.

Baba ya karɓa ya kai wanki da kansa. Ita yake sawa ranar Juma'a, ita yake sawa in za shi kasuwar Karaye, kuma ɓangaren kazar yake juyowa gaba. Kwanan baya a ƙofar gida na ji wani abokinsa yana tsokanarsa.

"Malam Haruna, ɓera ne ya ci hular, ko faɗa aka yi a kanta?"

"'Yata ce ta ɗinka," in ji Baba. Ya cire ta ya nuna masa da yatsa. "Nan da hagu. Nan da dama."

Abokin ya tsaya jiran ƙarshen wasan. Baba ya mayar da hularsa ya gyara mata zama.

To Safiya, ga gwangwanin, ga yadi. Sati ɗaya kika ce, bismilla. Ba zan miƙa miki allurar ba, a tabarma zan ajiye, ki ɗauka da wanda ya riga kaiwa. Ku kuma ku ɗage labulen nan ku bar shi a buɗe. Zaren ki zura da kanki, daina kallona. Hannu biyu yake so.